Dutsin Rema, Garin da Aka Haifi Yayana

An haife ni a Kankia, shekara guda bayan kamfanin fasa dutse ya tashi ƙauyenmu, Dutsin Rema, domin ya samu tsakuwar shimfiɗa titi. Yayana Sani kuwa can aka haife shi, yana da shekara huɗu aka yi ƙaura. Wannan ɗan bambanci ne ya hana ni sakewa tsawon yarintata.

Idan an idar da sallar magariba, kakarmu Iya Delu takan zauna bakin murhu tana gasa mana dankali a garwashi. Idan tatsuniya za ta yi, takan buɗe yadda kowa ya saba. Amma idan labarin garinmu ne, sai ta gyara zama ta ce, “Wanga ba ta zo mu ji ta ba ce, wanga ya faru.”

A wata shekarar fari, in ji ta, wani maharbi mai suna Bagudu ya bi rema har ta shige tsaguwar dutse. Ya zura hannu don ya kamo ta, sai yatsunsa suka taɓa ruwa mai sanyi. Ya ajiye bakansa, ya koma ya kwaso iyalinsa, ya kuma haramta wa zuriyarsa naman rema. Daga nan Iya takan bi gari gida-gida da baki: tsamiyar masallaci, falalen da mata ke shanya gero, kwarmin da ba ya ƙafewa.

Sai ta juya ga Sani. “Maigidana, ta wane ɓangare tsamiya take?”

Yakan duƙufa yana hura dankalinsa. Ni da na haddace komai, wata rana na riga shi. “Gabas da kwarmi, Iya!”

Ta yi dariya. “Kai ɗan kwalta, mi ka sani? A bakina ka tsinta. Bari mai gari ya faɗa.”

Sani ya maimaita abin da na faɗa, aka ba shi babban dankali. Na shiga ɗaki ban ci nawa ba.

Ina zargin wannan zafi ne ya kai ni karatun tarihi a jami'a, ko da yake na daɗe ina ba kaina wasu dalilai masu kyan ji. Na bi tsofaffin da suka watsu zuwa Rimaye da Yashe, na rubuta sunan kowane gida a littafi. Sani bai taɓa tambayar kowa komai ba. Takin zamani yake sayarwa a kasuwa. Duk da haka, idan dangi suka taru, shi ake cewa ya ba yara labarin gari.

Bara na matsa masa muka je wurin. Babu dutse, sai wani ƙaton rami cike da koren ruwa. Ban ɓoye wa kaina ba: so nake in kama shi.

“Yaya, nuna mini inda gidanmu yake.”

Ya daɗe yana kallon ramin. “Malam, kai ne mai littafi. Wallahi ban tuna gida ba, ban tuna tsamiya ba. Abin da nake ce wa Iya, daga bakinka nake ɗauka.”

Abin da na yi shekara arba'in ina jiran ji ke nan. Kafin daɗin ya zauna mini, sai ya ƙara da cewa, “Abu ɗaya dai ya rage. Ina kwance rub da ciki a kan dutse da yamma, yana da ɗumi, kamar jikin mutum. Shi ke nan.”

A da na ɗauka labarin Bagudu yana koyar da riƙon alkawari ne. A bakin ramin nan na gane dalilin da Iya takan sassauta murya daidai inda yatsunsa suka taɓa ruwa: gari na wanda jikinsa ya taɓa shi ne. Ina da gidaje duka a rubuce, da sunan mai kowane gida. Da ana musaya, da na miƙa wa Sani littafin gaba ɗaya, ya ba ni wannan yammacin.

Da muka kama hanyar gida, ya ce in ara masa littafin ya karanta wa yaransa. Na ce masa sai na gama gyara. Har yau ban gama ba.