Matar Fasto Bayan Ciwon Mijinta

A ikilisiyar, kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Malamar makaranta ce kafin ta auri fasto. Dattawa suka ce bai dace matar fasto ta yini a waje ba, sai ta ajiye allin.

Shekara ashirin da shida ƙofar falonta ba ta rufu ba. Mai naƙuda, ita za a kira. Miji da mata sun yi faɗa, a kan kujerunta za a zauna har abincinta ya huce. Shi kuwa fasto, ko loma ce a hannunsa aka ce wani ba lafiya, ajiyewa yake yi ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya fita. 'Ya'yansu sun taso suna ganin ƙeyarsa fiye da fuskarsa.

Wata Lahadi yana cikin wa'azi bakinsa ya karkace, ya zube a bayan bagade. Likita ya ce ɓarin jikinsa ya shanye.

Makon farko gidan ya cika da masu gaisuwa. Wata bai zagayo ba ƙafa ta ɗauke. Sai ƙananan maganganu: mutumin da yake yi wa wasu addu'a su warke, me ya hana shi warkewa? Ko akwai abin da ya ɓoye?

Ran nan babban dattijo ya zo, ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa.

“Mama, kin san gidan nan na ikilisiya ne. Sabon fasto yana tafe da iyalinsa.”

“Na sani, Baba. Abu ɗaya nake roƙo, ku bar shi ya yi sallama da jama'a.”

“Haba Mama, a haka? Miyau na zuba? Sai a raunana bangaskiyar mutane.”

Fasto yana daga ɗaki, yana jin komai.

Suka koma ɗaki biyu a bayan shagon ƙaninta. Ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi. Kullum da rana sai ya sa ta fito da shi bakin ƙofa, wai ko wani zai biyo. Shekara uku, waɗanda suka leƙo ba su fi biyar ba.

Ranar jana'izarsa coci ya cika har waje. Aka yi ta yabo, babban dattijo har da share hawaye. Da aka miƙa mata abin magana, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

“Ashe kuna da yawa haka,” ta ce, ta mayar musu da abinsu.

Aka ce baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Yanzu wani ƙaramin coci take zuwa a can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san tarihinta. Tana zama a baya, ana yin addu'ar rufewa ta ɗauki jakarta ta fice.