Talotalon Hajiya a Gonar Masara

Tun asuba muka shirya, ni da abokin ɗakina, ana ɗage dokar hana fita muka bar unguwarmu ta Madinat Nasr, don dole mu dawo kafin dokar ta sake farawa da bakwai na yamma. Wata Hajiya 'yar Sudan da ke zaune a unguwar Arba wa Nus, wadda ke ciyar da mu duk Juma'a, ita ta aike mu wani ƙauye bayan Giza mu ɗauko talotalon da ta ba wani manomi kiwo. Washegari sunan jikanta na fari, ta kuma riga ta faɗa wa kowa abin da za a yanka.

A Giza muka ci ful da ta'amiya, wato dafaffen wake da ƙosai irin nasu, a tsaye, direban ƙaramar bas ɗin haya na ta "yalla, yalla", wai mu yi sauri, alhali ko rabi motar ba ta yi ba. Muna fita daga gari sai kore ko'ina, masara ta fi mutum tsayi.

Manomin ya kawo igiya zai ɗaure ƙafafun tsuntsun. Ni da cika baki na ce a bari, ɗan maharbi ne ni, a hammata zan riƙe shi. Ko taku ashirin ban yi ba ya make ni da fiffike, ya faɗa masara. Da wane ido zan kalli Hajiya?

Muka yi ta fito. Duk fito sai ya amsa, mu bi, ya ƙara nisa, har azahar. Abokina ya tambaye ni ko kifi Babana yake harbi. Ambaton Baban ne ya tuna mini yadda yake kiran zabin daji: kukan mace yake yi, kaɗan, sannan ya kame bakinsa. Yakan ce wanda ya amsa bai zo ba tukuna, shirunka ne zai kawo shi.

Na roƙi kowa ya zauna. Na saurari wata macen talotalo da ke kejin manomin, na kwaikwayi kukanta sau uku, na yi tsit. Talotalon ya kira. Bakina na ƙaiƙayi, na danne. Ya sake kira, kusa. Can sai ga gogan naka ya fito, wutsiya a baje, yana neman amarya. Manomin ya kifa masa kwando. Alhamdulillahi, sai a lokacin na ji yunwa.

Da kaina na ɗaure shi, ƙulli biyu. Muka iso Arba wa Nus da sauran rana. Hajiya ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta ce, "Tamam, ya yi. Bai dai ba ku wahala ba, 'ya'yana?"

Abokina ya buɗe baki, na taka masa ƙafa. Baki ya jefa ni, shiru ya fid da ni, ban ga dalilin sauya dabara a ƙofar Hajiya ba.