Watan da Bai Bi Rosta Ba

Ni da makaranta a aji uku na sakandare muka rabu, ba faɗa ba zagi. Na kama acaɓa a nan Kontagora, Yayata kuwa ta yi karatun da ya ishe mu mu biyu, ta zama nas. Duk da haka ni ne malamin gidanmu, don ba labarin garin nan da ba ya hawa bayan mashin ɗina.

Aikin Yaya wata takarda ce ke juya shi, rosta suke ce mata. Babbarsu ta rubuta ta liƙa a bango, wance safe, wance yamma. Takardar nan ba ruwanta da Juma'a, ba ruwanta da Lahadi. Sai su ma'aikatan su yi musaya tsakaninsu. Yaya na da abokiyar aiki, Kirista ce daga wajen Rijau, Sista muke ce mata. Yaya ta riƙe mata safiyar Lahadi ta je coci, ita kuma ta tsaya wa Yaya lokacin shan ruwa da azumi.

Matsalar ita ce Innarmu. Gwiwa ta ci ta, shekara uku rabonta da idi. Ni zan iya kai ta bakin fili, amma sahun mata ba wurin ƙato ba ne. Sai Yaya ta riƙe ta, ta zaunar da ita, ta tashe ta. Kuma duk sallah sai rosta ta kama Yaya da aikin safe. A wannan shekarar Yaya ta ce ko ana ha-maza-ha-mata sai Inna ta je. Har atamfa aka ɗinka.

Hutun kwana ɗaya za a ba ta, sai ta zaɓa tun da saura mako: Talata in azumi ya tsaya a ashirin da tara, Laraba in ya cika talatin. Ranar da ta bari, Sista za ta ɗauka ta je Rijau ganin 'ya'yanta. Yaya na ta juya abin, na ce, “Talata ce. Rubuta kawai.”

“Kai da wa kuka yanke?”

“Wani malami na ɗauka zuwa tashar Bangi, gemunsa har nan. Ya ce bana ashirin da tara.”

“Gemun ne ya ga watan?”

Ta dai rubuta Talata.

Ran Litinin bayan magariba muka kewaye rediyo. Ba a ga wata ba. Yaya ta yi hutunta ran Talata da azumi a baki, ko kallona ba ta yi. Na ce ta roƙi Sista mana, ta ce, “Matar da ke can tana yi mini aiki yanzu haka? Da wane bakin?” Inna ba ta yi faɗa ba. Ninke atamfar ta yi ta mayar akwati, ta ce Allah ya kai mu baɗi. Wannan baɗin ne ya tsaya mini a rai, don na san shekarunta.

Laraba ana sallame asuba na tafi gidan Sista, in tare ta kafin ta kama hanyar tasha. Duk hanya ina shirya kalaman ban tausayi. Ina isa na same ta cikin fararen kaya tana ɗaura takalmi.

“A'a, malam mai ganin wata, kai ne da sassafe?”

“Anti, ba Rijau za ki ba?”

“Motar rana zan bi. Yaro, tun kana yawo ba wando nake musaya da Musulmi. Ban taɓa shirya tafiyar safe a kan watanku ba, ba ya bin rosta. Ita Yayar taka don zurfin ciki ba za ta kira ni ba?”

“Kunya take ji.”

“Kai da ba ka da ita ai ga ka. Tada mashin.”

A asibiti ta karɓe makullin ɗakin magani daga hannun Yaya, ta ce ƙarfe goma ta gan ta, in ba haka ba ta biyo ta har filin. Na ɗauko Yaya zuwa gida, muka tarar da Inna zaune da tsohon zane tana jan carbi. Da ta ga Yaya, akwatin kawai ta nuna.

Sawu biyu na yi, ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba. Daga sahun maza ina hango su, Yaya ta tallafo Inna, farin yunifom na leƙowa ta ƙasan hijabi.

Goma saura na mayar da Yaya, na ɗauki Sista zuwa tasha da kular tuwon shinkafa da Inna ta ce a kai wa yaran. Tana sauka ta ce, “Ka gaya wa Yayarka aikin ran Kirsimeti nata ne. Tamu ranar ba ta motsi, kada ka je tambayar mai gemu.”

Da na koma gida Inna ba ta cire atamfar ba. Da ita ta yi azahar, da ita ta yi la'asar.