Wa ya shayar da gambar?

Da safen nan na tarar gambar da ke raba gonata da ta Sale, ɗan baffana, ta matso cikin gerona. Tun mahaifina na da rai take a wurinta. An tumɓuke ta an sake dasawa, har da ba ta ruwa don ta kama. Rabonmu da ruwan sama kuwa an kwana biyu, kuma a duk gonakin nan Sale kaɗai ke da rijiya.

Ina tsaye sai ga shi da sauri.

"Yaya, wane mugu ne ya yi maka haka? Bar ni da shi, ni zan tsaya maka gaban mai unguwa."

Na ce, "Sale, a makaranta an karantar da mu tsofaffin waƙoƙin jarumtar mutanen Ingila. A cikinsu dodo daga fadama yake fitowa, jarumi kuma ya fito daga fada ya tare shi. Ba a taɓa rikita su ba."

Ya yi dariya. "To ai ga jaruminka, Yaya."

Na ce, "Gindin wandonka a jiƙe yake, jarumi."

Sai ya shiga tambayar lafiyar ƙafata da ta daɗe tana ciwo.

Ban kama shi da hannu ba, kuma gobe shi zai zauna kusa da ni gaban mai unguwa. Karatun nan bai koya mini yadda ake yi da dodon da ke kirana Yaya ba. Ku da kun bar shi ya raka ku?