Umara da Ƙarar Yoila

Aikin Umara a gidan rediyonmu shi ne zama bayan gilashi. Mu 'yan wasan kwaikwayo muna ciki muna kuka da dariyar ƙarya, shi yana waje da abin ji a kunne, yana murɗa wannan yana sassauta wancan. Idan ɗan wasa ya yi kukan da bai kai ba, sai ya danna maɓalli ya ce, "Wannan kukan na wanda akuyarsa ta ɓata ne. Uwa ce ta mutu, a sake."

Ɗan unguwar Mafoni ne, Babarbare, dogo, mai ɗan doro saboda sunkuyo a kan na'ura. Mahaifinsa kaset yake sayarwa a bakin Kasuwar Litinin, don haka Umara ya tashi cikin hayaniyar lasifika uku huɗu a lokaci guda, kuma yana iya gaya maka wace ce ta fara lalacewa.

A shekarun da dokar hana fita ta kulle mutane a gida, wasu samarin garin nan suka fara wani irin kiɗa. Da kwamfuta suke yi, ko da tsohon fiyanon coci, ko da na'urar haɗa sauti da wani ya samo a gwanjo. Babu waƙa a ciki, kuma ba a rawa da shi. Wani sa'in gunji ne mai tsawo kamar iska a cikin bututu, wani sa'in tsittsinkewa kamar rediyon da ke neman tasha. Mutane suka sa masa suna kiɗan aljanu. Ba mai saye, ba mai gayyatarsu biki, daga waya zuwa waya kawai yake yawo.

Umara ne ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya yi ta naci har aka ba shi ɗan fili ranar Laraba da rana, lokacin da babu mai son talla. Ya sa wa shirin suna Kotun Kunne. Kullum buɗewarsa ɗaya ce: "Jama'a, yau na kawo muku ƙarar wane. Ku ne alƙalai." Sai ya sa kiɗan, ya yi hira da mai shi, sannan ya yanke nasa hukuncin. Ba ya sassauci. "Wannan yaro yana da kunne, haƙuri ne babu," in ji shi a kan wani. A kan wani kuma ya ce, "Ya ji Turawa sun yi, shi ma ya yi. Allah ya ba shi nasa."

Masu sauraro ba su da yawa, kuma rabinsu don zagi suke bugowa. Ranar da ya sa wani kiɗa mai dukan ƙirji, wata tsohuwa ta bugo ta ce, "Ɗana, irin wannan ƙarar mun sha ta kyauta shekara da shekaru. Yanzu kuma a rediyo za ka kawo mana?" Tun daga ranar yake rage nauyin duk wani sauti mai kama da fashewa kafin ya fitar.

Duk samarin nan, idan hira ta yi nisa, sai sun ambaci suna ɗaya: Yoila. Yoila mai akwati. Suka ce abin da suke yi wasan yara ne a kan nasa. Umara ya ce a tura masa ya ji, suka ce ai ba a tura shi. Yoila bai taɓa yarda a ɗauki kiɗansa ba, kuma na'urar da yake yi da ita shi ya haɗa ta da hannunsa, babu irinta. Kiɗan Yoila ba ya ko'ina a duniya sai cikin akwatin nan. Daga ranar da Umara ya ji haka bai sake samun sukuni ba. Burinsa ɗaya: ya ɗauki kiɗan nan a faifai tun kafin wani abu ya same shi, don garin nan ya koya masa cewa abu ba ya jira.

Yoila ɗan ƙabilar Margi ne, daga wajen Askira iyayensa suka zo. Shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, sauran ranaku kuma yana gyaran rediyo da fanka a ƙofar gida. Shi da mahaifiyarsa, Mama Ketura, suke zaune a ɗaki biyu cikin gidan haya. Umara ya yi ta sintiri wurinsa. Ya kai rediyon da ba abin da ya same shi a gyara. Ya kai fanka.

"Oga Umara," in ji Yoila wata rana, "fankar nan lafiyarta ƙalau. Kai ne ba ka da lafiya."

"To, Injiniya, ka ba ni maganin mana."

Yoila ya yi dariya, ya ce ya zo ranar Asabar bayan azahar.

Mama Ketura ce ta tarbe shi. Ƙaramar mace ce, mai furfura, Hausarta ta kasuwa da coci, tana fahimta sarai amma ba ta bin wasa da kalma. Umara ya durƙusa ya gaishe ta, ta kawo masa ruwa a kofin silba, ta koma bakin murhu, inda take iya jin duk abin da ake faɗa a ɗakin.

Yoila ya jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Akwatin ƙarfe ne irin na 'yan makarantar kwana. Da ya buɗe, Umara ya ja da baya bai sani ba. Wayoyi ja da baƙi sun cika ciki, ga batura an ɗaure da salatif, ga allunan tsofaffin wayoyin hannu an like da dalma, ga maɓallan rediyo jere a kan murfi.

"Ka gani ko?" in ji Yoila. "Kai ma da ka san abin ka ja baya. Shi ya sa ba ya fita daga ɗakin nan. Wane shingen jami'an tsaro zan wuce da wannan ba a ce bam ne ba?"

Umara ya kunna rikoda, ya ajiye a tsakaninsu. "Daga ina ka fara?"

"Daga teburin yayana, Jona. Shi mai gyaran waya ne. Waɗannan allunan duk nasa ne."

"Yana ina yanzu?"

Yoila ya daɗe yana murza wani maɓalli. "Wani ne ya kai ƙararsa, wai yana gyara wa yaran daji, masu tayar da bam, waya. Aka zo da mota aka ɗauke shi. Ko takalmi bai sa ba. Mama ta je duk inda ake zuwa. Har yau."

"Gaskiya ne, yana gyara musu?"

"Mai gyara yana tambayar waya addininta ne? Wanda ya miƙo, ka karɓa."

Daga nan ya haɗa batir. Abin da ya fito, in ji Umara, ya fara ne can ƙasa, kamar mutum yana nishi da baki a rufe. Sai wani siririn sauti ya hau kansa yana rawa, yana neman ya zama murya, ya kasa. Yoila yana taɓa wayoyin da yatsa tsirara, jikinsa ma yana cikin na'urar, idan ya danna sautin ya yi kuka, idan ya saki ya huce. Umara, wanda bai taɓa rasa abin faɗa a kan kiɗan kowa ba, ya zauna baki buɗe.

Ba a yi nisa ba maƙwabta suka tayar da injin niƙa. Bangon ɗakin har rawa yake. Umara ya saurari abin da rikoda ta kama, ya ji markaɗen wake ne zalla.

"Kai! Wannan injin Allah ya isa," in ji shi. "Ba a nan za a ɗauki wannan ba. Sutudiyo za mu je."

"Na ce maka ba ya fita."

"Zai fita a motar gidan rediyo, da takardar shaida, ba mai buɗe ta." Umara ya miƙe, murna ta cika shi, muryarsa ta rediyo ta dawo. Yana bakin ƙofa yana sa takalmi ya ɗaga murya ya ce, "Injiniya, ka shiga uku! Wallahi Litinin zan kai ƙararka wurin manya. Su turo mota a zo a ɗauke ka, kai da akwatin naka!"

Yoila ya yi dariya, don yana sauraron Kotun Kunne. Mama Ketura ba ta taɓa jin shirin ba. Umara ya yi mata sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Shi kuwa bai lura da komai ba, kiɗan ne cike da kansa.

Ya sha wahala kafin shugaban shirye-shirye ya yarda da motar. Ranar da aka ba shi, ya shiga gaba kusa da direba, Abdulnasir, suka nufi unguwar da hantsi. Farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, irin ta jami'an tsaro. Da suka shiga layin, mata suka fara janye yara cikin gida.

Mama Ketura tana tsaye a ƙofa, ta ɗaura zani a ƙugu, ta tare hanya da hannu biyu.

"Mama, ina kwana?"

"Ku shiga ku duba," in ji ta. "Ku ɗaga gado. Ba za ku samu komai ba."

Umara ya leƙa ta bayanta. Yoila yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango. Akwatin yana gabansa a buɗe, an wanke shi tas, an zuba kwanuka a ciki.

"Injiniya, mene ne wannan?"

"Ina coci ranar Lahadi da yamma, muna koyon waƙa," in ji Yoila, muryarsa a kwance. "Ta sa taɓarya. Abin da ya ƙi fashewa ta ƙona. Sauran ta ƙulle a leda ta hau keke mai ƙafa uku ta je ta zuba a kogin Ngadda."

"Har allunan Jona?"

"Da su ta fara."

Umara ya juya wurin tsohuwar, ya durƙusa. "Mama, don girman Allah ki saurare ni. Ƙara na ce, ƙarar kiɗa. Sautin da abin yake yi. Haka nake faɗa a shirina kullum, wasa ne. Manyan kuma manyan gidan rediyo ne. Motar nan ki duba, ga sunan tashar a jiki."

"Ni ban iya karatu ba."

"Ki tambayi Yoila."

"Ya faɗa mini. Tun shekaranjiya yake faɗa mini." Ta dube shi ido cikin ido. "Malam, wanda ya kai ƙarar Jona ma a kofin nan ya sha ruwa. Shi ma Mama yake ce mini. Ɗaya sun ɗauka. Wannan nawa ne."

"Ai ni ba..."

"To na yarda, kai mutumin kirki ne. Ka sa a rediyo, gari duka ya ji cewa ɗan Ketura yana da akwati mai waya da batir, ƙanen wanda aka ɗauke. Kai wasa kake yi. Wanda zai ji fa, shi ma wasa yake yi?"

Abdulnasir ya leƙo daga mota ya ce, "Ya Umara, ina mawaƙin? Rana tana yi." Ba wanda ya kula shi.

"Wancan abin da ka ajiye a ƙasa ran nan," in ji Mama Ketura, "maganarsa tana ciki?"

"Tana ciki."

"Da sunan Jona?"

"Da shi."

"Cire."

Umara ya dubi Yoila. A cikin rikodar nan, ƙarƙashin rugugin injin niƙa, akwai ɗan abin da ya rage na kiɗan, kuma Umara ya san da haƙuri zai iya tsamo wani abu. Ya so Yoila ya ce a bari. Yoila ya kalli mahaifiyarsa.

"Goge, Oga Umara," in ji shi. "Tun ranar Asabar ba ta ci abinci ba."

Umara ya fito da rikodar. Ya nuna wa tsohuwar rubutun da ke jiki duk da ba ta iya karantawa, ya danna, na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa. Ta ce ba ta yarda ba sai ta ji da kunnenta. Ya kunna mata, shiru. Ta sa hannu ta karɓa, ta kara a kunne ta daɗe, sannan ta miƙa masa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji ta. "Kada ka sake zuwa."

Bai sake zuwa ba. Yoila yana nan yana kaɗa fiyano ranar Lahadi, yana bin mawaƙa yadda suke so. Samarin sun yi ta roƙonsa ya haɗa wani, har da masu kawo masa tsofaffin wayoyi a buhu. Ya ce musu allunan da ke ba da wancan sautin ba a sayar da su.

Umara ma yana nan bayan gilashi, furfura ta fara masa. Wata rana bayan mun gama ɗaukar wasa, 'yan wasa sun watse, na ce masa ya kwatanta mini yadda kiɗan yake, ko da baki ne. Ya cire abin kunnensa, ya rufe ido, ya fara wani nishi can cikin maƙogwaro. Ya ɗan ja shi, ya yi ƙoƙarin ɗora siririn a kai, muryar ta karye.

"A'a," in ji shi. "Ba haka ba ne."

Ya sake gwadawa, ya tsaya a tsakiya. Sannan ya ce in kashe fitila idan zan fita.