Injin da Na Karɓa Kiwo

Shekarun baya, lokacin ina da ɗan shagon cajin waya a Gaya, na taɓa karɓar inji kiwo a hannun mahaifiyata. Eh, kiwo, kamar yadda ake karɓar akuya. Jiya wani ya turo min hoton irin injin yana tambayata ko ya saya, shi ne na ce bari in ba ku labarin gaba ɗaya in huta.

A lokacin, bayan caji, ina ɗan taɓa cinikin dalar kirifto, wato dalar intanet, a waya. Wani ya zo da naira in sayar masa, wani ya zo da dala in saya, in ci 'yar ribar da ke tsakani. Ba wani abin kirki ba ne, amma yana cefane, kuma ya sa samarin layinmu suna ce min oga, ni kuwa kaina ya fara kumbura. Akwai wani abokina a Kano, shi ya koya min harkar, kuma wurinsa nake saro dala idan tawa ta ƙare. Wata rana na je wurinsa, ya nuna min wani akwatin ƙarfe mai fanka gaba da baya, girmansa bai wuce batirin babbar mota ba. Ya ce wannan ne injin mainin na gaske, ba dangwale-dangwalen da ake yi a waya ba. Ka ba shi wuta da intanet, ya yi ta lissafinsa yana tara maka Bitkoyin kaɗan-kaɗan. Na hannu ne, mai shi zai sayar ya sayi sabon samfuri. Ya buɗe wani shafi ya nuna min abin da injin yake samarwa a rana. Na ninka da talatin, na sake ninkawa da goma sha biyu. Kafin motarmu ta iso Wudil a hanyar dawowa, na gama gina gida a raina har na yi masa fenti.

In faɗi gaskiya, abokina bai yaudare ni ba. Sai da ya ce min, "Ka fa duba maganar wuta da kyau." Na ce ai janaretona kullum a kunne yake saboda caji, wutar banza ce. Abin da ban tambaya ba shi ne, me ya sa mai injin yake neman rabuwa da shi.

Kuɗin saye ne babu. Sai na tuna da mahaifiyata.

Mahaifiyata tana Gafasa, a ƙasar Ajingi. Tun rasuwar mahaifinmu sana'arta ɗaya ce. Duk bayan kaka takan aika kara, kasuwar shanu, a sayo mata ramammen sa, ta ɗaure a turken bayan ɗakinta, ta yi ta ɗura masa harawa da dusa da kowar wake. In babbar Sallah ta matso a sayar, ta ware uwar kuɗi ta ajiye don san gaba, ribar kuma ita ce cefanenta, ita ce maganinta, ita ce gudummawar bikinta. Mu 'ya'yanta, ba ta taɓa tambayar ɗayanmu ko kuɗin omo ba. Tana kuma ba matan ƙauyukan kusa awaki kiwo, kuma kowa ya san ƙa'idar. Dabba ta mai ita ce, ci da sha na mai kiwo ne, in an sayar a cire uwar kuɗi a raba riba biyu. In ta mutu ba da sakaci ba, babu biya, sai dai mai kiwo ya kawo fatar a gani.

Na je mata bayan Sallah da 'yan kwanaki, lokacin da na san kuɗin sa suna kwance suna jiran kaka. Na yi ta zuba bayani, tana tsince wake a faifai. Da na gama, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai dai "kai".

"Kai, shi wannan abin me yake ci?"

"Wuta, Inna. Fetur kenan."

"Wa yake sayen abin da yake haifa?"

"Duniya gaba ɗaya."

"In ya tsufa fa, akwai mahautansa?"

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce Inna ai ƙarfe ne, ba ya tsufa. Na ce rance kawai nake so, kafin a gama roron gyaɗa na dawo mata da kuɗinta cas, ta ɗaure santa kamar kullum.

Ta ce, "Ni ban iya rance ba. Kiwo na sani. In kiwo za ka karɓa, to."

Wallahi daɗi ne ya kama ni. Kiwo fa, babu bashi a wuyana! Ko kaɗan ban tsaya a kan wancan ɓangaren ba, na cewa ci da sha na mai kiwo ne.

Ranar da na jona injin, ɗan janaretona ya yi tari biyu ya mutu. Ashe shi kaɗai yana jan wutar da ta fi ta shagon gaba ɗaya, ninkin ba ninki. Na sayar da babur ɗina na sayi babban janareto. Da injin ya tashi kuwa, tab! Ƙararsa har bakin titi. Washegari wata tsohuwa ta leƙo da roba cike da jiƙaƙƙen wake tana tambaya nawa nake markaɗe. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya daina gaishe ni da fara'a. Shagon ya ɗau zafi har masu caji suka fara tsoron barin wayoyinsu, kuma in rana ta take, injin da kansa yake kashe kansa sai ya huce.

Sannu a hankali lissafin ya fara fito min. Adadin da na gani a shafin nan na injin da ba ya tsayawa ne, a ƙasar da wuta take da araha kuma ba ta ɗaukewa. Nawa da ƙyar yake yin rabin yini. Sannan ni a kaina lissafin injin markaɗe na yi masa: in fetur ya tashi, ka ƙara kuɗin markaɗe, mata su yi mita su biya. Shi wannan babu wanda za ka ƙara wa kuɗi. Bugu da ƙari, kullum sababbin injina masu ƙarfi suna shigowa a duniya, kuma Bitkoyin ɗin da injinan suke rabawa ba ya ƙaruwa, don haka kason tsohon inji irin nawa sai raguwa yake. Ana haka fetur ya sake tashi. Na wayi gari abin da injin yake sha a rana ya fi abin da yake kawowa.

Mai hankali a nan zai kashe shi ya tafi Gafasa ya faɗi gaskiya. Ni kuwa oga ne. Sai na kira abokina na ce ya ba ni rancen dala. A harkarmu wannan ba baƙon abu ba ne, babu ruwa a kai, dala ka karɓa dala za ka mayar. Ya turo. Na canza zuwa naira, na sayi fetur da wani kaso, sauran na saka a ambulan na kai wa mahaifiyata na ce ga rabonta na wata. Ba ta tambaye ni ba fa, ni na kai kaina. Ta karɓa ta ce, "Allah ya yi albarka," ko buɗewa ba ta yi ba. Haka na yi wata na biyu, haka na uku, haka na huɗu, kullum ina ce wa kaina farashin Bitkoyin zai tashi komai ya gyaru. Farashin bai tashi ba, naira ce ta faɗi. Dalar abokina tana nan yadda take, amma nairar da zan nemo in sayi dalar sai ƙaruwa take duk mako.

Da kaka ta yi, ta aiko min da saƙo a bakin wani direban motar Ajingi: an fara kawo shanu kara. Na tashi neman mai sayen inji. Na saka hotonsa a duk zauren 'yan kirifto da nake ciki, shiru. Wanda ya taya a ƙarshe, kuɗin da ya faɗa bai kai na tunkiya ba, kuma da ya ji a kan janareto ya yi aiki sai ya fasa. Wani mai sayen gwangwan ya ce in kawo a ɗora a sikeli. A makon kuma abokina ya kira, murya a sanyaye. Ya ce, "Wallahi ba matsa maka nake ba, amma ka san jarin nan ba nawa ne ni kaɗai ba."

Na isa Gafasa bayan la'asar. Abin da na fara gani shi ne turken, an share shi tas, an sauya igiya, ga harawa an jibge a kan rumfa. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai na faɗa.

Ta ce, "Ya mutu ne?"

"Bai mutu ba, Inna, yana aiki. Sai dai abin da yake ci ya fi abin da yake bayarwa, kuma babu mai saye."

"To ai ya mutu. Yunwa ka bar shi da ita?"

"A'a. Har babur ɗina na sayar a kansa."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "To kuɗin da kake kawo min fa, daga ina?"

Na faɗa mata. Hannunta ya tsaya. Ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta fito ta ajiye min ambulan huɗu a gabana, a liƙe, yadda na kawo su.

"Kai a ina ka ga ana cin ribar dabba tana tsaye a turke? Ban taɓa ko kwabo ba. Ɗauki ka kai wa mai shi."

Na ce, "Inna, ki riƙe, ki sayi ko ɗan maraƙi ne, ni na san yadda zan yi da abokina."

"Ba na ɗaure kuɗin mutane a turkena." Ta zauna ta jawo faifanta. "Sa ya tafi, Allah ya ba ni haƙuri, awaki nawa suka mutu min a hannun mutane. Abin da ya ƙona min rai, wata huɗu kana kallon idona kana miƙo min bashin wani, ina sa maka albarka a kai. Tashi ka je. Ka kawo min fatar."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan ranar ba, har yau.

Ku duba wautar da kyau. Na ranto dala, na mayar da ita naira, na kai ta kwana a kwalla wata da watanni tana lalacewa, sannan na dawo na sake sayen dala da ita da tsada. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai toshe ko rabin ramin ba. Sauran sai da na shekara ina biyan abokina da kuɗin caji da 'yar ribar ciniki, shi kuma Allah ya saka masa, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ran kasuwar Ajingi na ɗauki injin a buhu na kai mata. Ta ɗaga shi ta ji nauyi, ta leƙa cikin fankar, ta ce, "Wannan ne ya cinye sa?" Na ce shi ne. Ta ce shi ke nan, ta gani, magana ta ƙare. Ta shigar da shi ɗaki.

A shekarar ta sayar wa maƙwabcinta harawar. Da na je gaisuwar Sallah, ina zaune wata ƙawarta ta tambaye ta ina san bana. Ta ce, "Bana hutawa nake, gwiwa ta matsa min." Na san kuma a shekarar ne ta fara raba ƙwayar maganinta biyu don ya kai ta wata, ƙanwata ce ta faɗa min daga baya. Wannan ya fi bashin dalar tsaya min a rai.

Ban bar harkar kirifto ba, har yanzu ina saye ina sayarwa, kuma ban ce injin mainin ƙarya ba ne. Masu wuta mai araha da sababbin injina suna samu. Amma duk wanda ya zo min da wata harka yanzu, tambayoyin nan uku da na yi wa dariya su nake fara yi masa: me take ci, wa yake saye, in ta tsufa akwai mahautanta. Wanda ya turo min hoto jiya, a tambayar farko muka tsaya.

Sai da aka yi kaka biyu kafin na iya haɗa kuɗin sa. Na je kara da kaina na zaɓo, aka kai shi Gafasa a mota, ina ta murna zan wanke kaina. Ta zagaya shi, ta duba haƙora, ta ce ba laifi. Da na ce na biya ne, sai ta ce a mayar da shi mota. An kawo fata, ba a biya, ita ba za ta karya wa matan da suke mata kiwo ƙa'ida a kan ɗanta ba. Da ƙyar da roƙo ta yarda ta karɓe shi, shi ma a matsayin kiwo: ni ne mai sa, ita ce mai kiwo, riba a raba biyu.

Haka muke har yanzu. Injin yana nan a gefen gadonta, ta shimfiɗa masa ɗan ƙyalle tana ɗora rediyo a kai. Makon jiya na je, na tsaya a bakin turke na ce, "Inna, sanki ya yi ƙiba bana."

Ta ce, "Sanka dai. Nawa yana ɗaki."