Inda Na Shafa Kore a Bakin Gulbin Maraɗi

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Sabon Gari, ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu uku cikin wata tsohuwar mota da ƙofarta ta baya ba ta buɗuwa sai daga waje. Ƙanen matata ne mai motar, shi ke tuƙi. Ta ukunmu abokiyar aikina ce a lakwal ɗin da nake koyar da labarin ƙasa, ita ke riƙe da na'urar hoto. Tafiyar ba ta da nisa, don Tsibiri da Jiratawa ƙofar gida ne ga ɗan Maraɗi. Amma ban taɓa dawowa daga wata tafiya da nauyin zuciya irin na wannan rana ba.

Ga waɗanda ba su daɗe da fara bibiyata ba, bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Shekara biyu ke nan damina ta rusa gidaje a gangaren gulbi, har da ɗakin goggota. Abin ya tsaya mini a rai, na kashe hutun lakwal gaba ɗaya ina haɗa taswira a intanet. Na samo hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan tudu da kwari. Na bi unguwanni da ƙauyuka da waya a hannu ina ɗaukar lambobin kowane wuri, ina tambayar dattawa iyakar inda ruwa ya saba kaiwa. Inda ruwa ke ci na shafa ja, inda ba ya kaiwa na shafa kore. Mutum zai iya jan taswirar da yatsa, ya buɗa ta har ya hango rufin gidansu, ya danna ɗigo hoto da bayani su fito. Ranar da na ɗora ta ko abincin rana ban iya ci ba don murna. A ganina na yi wa talaka gargaɗi kyauta. To bana da ruwa ya janye, sai na ce mu zaga mu ga inda na yi daidai da inda na kuskure, mu kuma ƙara sababbin wurare.

Hanyar Tsibiri da sassafe duk masu shigowa birni ne, kamar mu kaɗai ke fita. Babura ɗauke da magina da 'yan tireda, uku-uku, wani har da akuya kwance a kan tanki. Mata da ƙoren fura a ka, amalanken shanu na tafe a gefe ba gaggawa. Hatsi ya nuna, an fara yanka, ga dammuna nan jingine cikin gonaki. Gudurun, wato kwaltar, lafiya lau, sai 'yan wuraren da ruwa ya gwaiguye bakinsa. A bakin tasha muka tsaya muka karya da ƙosai da kunu. Kuɗin ƙosan bai canza ba, ƙosan ne ya rame. Direbanmu ya ɗaga guda tsakanin yatsu biyu ya ce wannan da ƙwayar maganin ciwon kai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dariyar kirki da muka yi ke nan a ranar.

Muka bar motar a kan tudu muka gangara da ƙafa, rairayi na cika mana takalma. Wurin da na nufa wata 'yar unguwa ce da na shafa wa ja tun farko. Ban kuskure ba ko da taku ɗaya. Katangun laka sun narke sun zama tsibi-tsibi, mutane sun kafa zana sun rufa da tampol a kan tsohon gurbin ɗakunansu. Wani kyauren langa-langa na tsaye shi kaɗai da kwaɗonsa a rufe, ba bango dama ba bango hagu.

Muka tarar da wata tsohuwa tana daka a inuwar dogon yaro. Bayan gaisuwa na ce zan nuna mata wani abu. Rezon waya ya ƙi. Shafin ya tsaya fari fat, ɗan da'irar nan na ta juyawa. Sai da na hau tsibin katangar da ta faɗi na ɗaga wayar sama kamar mai kiran kaji, sannan ya buɗe. Kafin nan mutane sun taru. Na tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganin taswirar. Babu ko ɗaya. Wayoyinsu duk masu maɓalli ne, na kira da tocila.

Na durƙusa kusa da turmin na ce, "Inna, kin ga nan inda kuke ja ne. Ruwa zai sake dawowa."

Ta jingine taɓarya ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, wanga wahala duka ka sha don ka gaya min ruwa na zuwa? Nan anka haihe ni. Na san ruwan ga tun ba a haihi uwarka ba."

"To mi ya hana ku hawa tudu?"

"Tudun wa?" ta ce, ta ɗauki taɓaryarta.

Wani dattijo da ke gefe ya ce zamanin kakanni ma ruwa ne ya kori tsohon gari ya hau sama, amma a lokacin mutum sanda kawai zai kafa ya yi gini. Yau kowane taƙi na tudu yana da takarda. Muka ɗauki hotuna da lambobi, muka hau gangaren a hankali.

Rana ta take sanda muka ratso Maraɗi za mu kudu. Zafi ya sa muka tsaya a wata rumfar mai abinci a bakin gari, muka sayi dambun zogale da ƙuli. Nan direbanmu ya gamu da wani saninsa, dillalin filaye, mai farar shadda da waya biyu a hannu. Don ya yi alfahari da ni, sai direbanmu ya ce masa ga mutumin da ya yi taswirar ambaliya. Dillalin ya miƙe tsaye ya kama hannuna da hannu biyu.

"Mushe malamin lakwal, ashe kai ne! Wallahi ka hutar da mu."

Ya zaro babbar wayar, ya danna sau ɗaya, taswirata ta buɗe nan take. Ya ce da can alhazai ba sa yarda su sayi fili a wajen gari sai sun ga yadda damina ta yi da shi. Yanzu kuwa mutum na Kwatano ko Lome wajen kasuwancinsa zai buɗe, ya buga waya ya ce a kama masa wancan koren. Yana magana yana jan taswirar da babban yatsa, ya fi ni saurin gano wurare. Akwai ɗigon da na manta na sa, shi ya tuna mini. Da za mu rabu ya tambaye ni yaushe zan ƙara gefen gabas, wai akwai masu jira.

Duk wanda ya san Jiratawa ya san yadda ido ke hutawa in an doso ta. Injinan ban ruwa na kuka, ruwa na gudu cikin magudanan siminti, ga zogale layi-layi, ga ayaba, ga tattasai ya yi ja. Mata na tsigar ganye suna dannawa cikin buhuna don motocin da za su kai birni. Iskar wurin ma daban ce, da ɗanshi da ƙamshin ƙasa. Sai dai tun kafin mu kai gari na fara ganin abin da babu shi bara waccan: turakun siminti jere a kan tudu, kowanne da lamba, da dogayen katangu na bulo waɗanda ba kowa a cikinsu. Na duba wayata. Duk inda katangun suke, kore ne.

Na danna wani ɗigo da na tuna. Hoton da na ɗauka da hannuna ya fito: gida mai ɗaki uku, rumbu biyu, da wata babbar tsamiya a tsakar gida. Na ɗaga kai. Ga tsamiyar nan tana leƙowa ta saman sabuwar katanga, ba gida ba rumbu. Muka tambayi wani mai keke, ya nuna mana gangare ya ce mu nemi Baba Nomau.

A ƙarshen magudanar ruwa muka same shi, zaune cikin rumfar kara yana gyaran ƙotar hauya. Ya gane ni tun daga nesa, don shi ya ba ni ruwa na sha ranar da na ɗauki hoton gidansa. Ya shimfiɗa mana buhu muka zauna. Labarin bai ja shi ba. Tudun ba nasa ba ne, aro ne daga wani aminin mahaifinsa, kuma can ya kai amaryarsa tun yana saurayi. Mai wurin ya rasu, 'ya'yansa na birni ba su taɓa waiwayar wurin ba, suna ganin rairayi ne kawai. Bara sai ga su a mota tare da wani baƙo, suna ta duba waya suna cewa nan kore ne. Suka ba shi zuwa ƙarshen kaka. Ya sauko ɗan ziririn gonarsa ta gado da ke bakin gulbi, ya yi ɗaki ɗaya da rumbu. Bana ruwa ya zo da hantsi, ana ji ana gani, ya ɗauke rumbun da awakinsa biyu, ɗakin ma ya rushe. Matarsa tana wajen 'yan'uwanta a wani ƙauye. Ya ce tun da aka kawo ta ba su taɓa yin wata guda ba tare ba sai bana.

Abokiyar aikina ta sauke na'urar hoton ta sa a jaka. Na so in yi shiru, wallahi na so. Amma bakina ya riga ni.

"Baba, abin nan da suka duba cikin waya, ni na yi shi."

Ya ajiye hauyar. Ya ce, "Kai ka ce su saida?"

"A'a."

"Ƙarya ka sa ciki?"

"A'a, Baba. Gaskiya ce."

"To, ai shi ke nan."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki hauyar ya ci gaba da dukan ƙota a kan dutse. Can sai ya nuna wani ɗan tudu a ƙetaren gonaki da haɓarsa, inda ake hango rufin ɗaki biyu da hayaƙin girki. Ya ce wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ita ma zaman aro take.

"Ka auna can?"

"Ban kai ba tukuna. Yau na yi niyya."

"Don Allah, ɗana, ka bar shi. In kai ba ka san wurin ba, su ma ba su sani ba."

Ban auna ba. Da za mu tafi ya shiga gonar ya karyo mana zogale dami guda, na yi na yi ya bar shi ya ƙi, ya ce baƙo ba ya barin Jiratawa hannu wofi.

Muka yi la'asar a wani masallacin bakin hanya muka kamo hanyar gida. Na ce musu ina isa zan cire koren daga taswirar, in bar jan kaɗai. Abokiyar aikina ta miƙo mini wayarta daga baya. Hoton taswirata ne, wani ya ɗauka ya zana da'irori a kan tuddan da suka rage, yana ta yawo cikin wayoyin mutane. Ta ce tun watan jiya yayanta ya turo mata, ta rasa yadda za ta faɗa mini.

Ana kiran magariba muka shigo Sabon Gari. Masu tsire sun hura wuta, kabu-kabu na ta ƙaho, gari na harkarsa. Na yi salla, na buɗe ordinatar, wato kwamfutata, na cire koren duk da haka. Aikin wata uku, cirewar ba ta kai minti ɗaya ba. Da jan ya rage shi kaɗai na zauna ina kallo, sai na ga ko yaro zai gane cewa duk inda ba ja ba, nan ne tudu.

Kun saba in rufe labarin tafiya da abin da na koyo, to ga shi, ba daɗi. Na ɗauka abin da ke sa ruwa ya ci mutane rashin sani ne. Ashe sun sani sarai, wurin zuwa ne babu. Ni kuwa na tattaro abin da dattawansu suka gaya mini a kan amana, na jera shi tsaf, na ajiye inda mai babbar waya kaɗai ke iya kaiwa. Lokacin da nake aikin na tambayi kaina sau ɗari ko lambobina daidai ne. Ban tambayi kaina ko sau ɗaya wa zai fara buɗewa ba.

Wasunku sun rubuto suna tambayar yaushe sababbin wuraren za su hau. Suna cikin wayata, da hotunansu da lambobinsu. Ban ɗora ba, ban kuma goge ba. Ranar Litinin ina da darasi da 'yan aji uku a kan amfanin taswira, kuma har yanzu ban san abin da zan tsaya in gaya musu ba.